Kiyashi A Banɗakin Amarya

Jama'a, duk wadda ta san za ta yi min dariya ta yi abinta tun yanzu ta gama, don ni ma na yi wa kaina har na gaji. Sunana Saudatu, malamar firamare ce ni a nan Gombe, kuma darasin da nake koyarwa kiwon lafiya ne. Ni ce mai tsayawa gaban allo da alli a hannu, ina zare wa 'yan aji huɗu ido ina ce musu su rage shan zaƙi. Ku dai bi ni a hankali ku ji abin da malamar ta aikata a gidanta.

An ɗaura aurena da Bamanga a watan Afrilun 2015, bayan an gama zaɓe gari ya ɗan sarara. Ba wanda ya haɗa mu. Tela ne, shagonsa na kusa da tashar Dukku. Na kai masa ɗinkin atamfa ya ɓata min hannun riga, na koma in sauke masa kwandon masifa, na dawo gida da lambar wayarsa. Dogo ne, siriri, ga kunya irin ta Fulanin da ko ruwa ba sa sha a gaban suruki. Hamma nake ce masa.

Wata huɗu kafin bikinmu bom ya tashi a tashar, yana cikin shago. Allah ya tsare, gilashi ne kawai ya yanke shi a kafaɗa. Amma da hannunsa ya riƙa ɗaukar mutane yana sa wa a mota, waɗansu da rai waɗansu babu. Tun daga ranar ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya zabura.

Aka kai ni ciki da falo a wani gidan haya a Jekadafari. Yayata Adda Jamilatu ce ta yi jere: labule ruwan zuma, kujeru masu laushi, gado da zanin gado har kala shida. Ni kuwa wata guda cur na yi ana murje ni da dilka, ana tsugunar da ni kan turare, ana ɗura min tsumi da gumba har na fara jin ƙamshin kaina yana hawa min kai. Na shiga ɗakin nan ina jin duk Gombe ba amarya sai ni.

To, sati ɗaya, sati biyu, wata guda. Ba sai na yi muku dalla-dalla ba, ku manya ne. Hamma yana sona, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Amma abin da ke tsakanin miji da mata, shiru. Sai ya matso da zuciya ɗaya, jikinsa ya ƙi ba shi haɗin kai, ya juya ya fuskanci bango. Ni kuma da safe in tsaya gaban madubi ina binciken kaina kamar mai sayen akuya. Ko haƙorana ne? Ko na cika ƙashi? Na canja humra sau uku, na canja kitso, har tafiya na canja. Na yi kuka ba kaɗan ba, don na ɗauka kawai ban yi masa ba ne.

Wata Asabar da safe yana ɗaura agogo, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Saudatu, na san ina cutar ki."

"Wace irin magana ce wannan, Hamma?"

"Bar ni in gama. Ba laifinki ba ne. Tun kafin biki na fara jin jikina ba daidai ba, na ɗauka gajiya ce. Ina addu'a, ki ƙara min haƙuri. Abu ɗaya nake roƙon ki, kada kowa ya ji. Ranar da na san wani ya ji, ba zan iya sake haɗa ido da danginki ba. Gara in sawwaƙe miki ki je ki sami mai lafiya."

Na dafa ƙirji na ce, "Haba Hamma! Ni? Wallahi ko da bango ba zan yi maganar nan ba."

Ƙarfe takwas ya tayar da mashin ya tafi shago. Tara da kwata ina Kagarawal a gaban Iya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa dai don tuwo aka yi shi.

Iya kakata ce ta wajen uba, ita ta raine ni bayan rasuwar iyayena. Tana zaune gidan Bappa, ƙanin mahaifina, tsohon magatakardar kotu wanda shi ya ba da aurena. Bappa mutum ne da in ya yi tari a zaure kaji ma sai sun natsu. Na rufe ƙofar ɗakin Iya, na faɗa jikinta, na zazzage mata komai.

Ta ajiye carbi ta ce, "Hannu aka sa masa."

"Iya, hannu kuma?"

"Ke yarinya ce. Namiji kyakkyawa, tela, mata na shiga shagonsa safe da yamma yana zagaya su da igiyar awo? Wata ce ta ƙyalla ido, ya ƙi ta ya ɗauko ki, ta ƙulle shi. Ki bar ni da su."

Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Kafin in sauka daga Keke Napep a Jekadafari saƙon Adda Jamilatu ya shigo wayata: "Ƙanwata Iya ta gaya min. Kar ki damu, ƙaramin abu ne."

Nan take ta jefa ni wani zauren matan aure na WhatsApp. Na rubuta musu cewa wata ƙawata ce ke cikin matsala. Duk macen da ta taɓa shiga irin zauren nan ta san wace ce ƙawar. Saƙonni suka fara zubowa.

"Ta samu dabino bakwai, aya gwangwani ɗaya, kwakwa, zuma cokali uku, ta markaɗa."

"Ta ƙara madarar ruwa da mazarƙwaila."

"Ina goron Tula? Muna Gombe a ce an manta goron Tula?"

"Mijin maƙwabciyata ruwan rake ne ya tashe shi."

Na bi Adda ta gefe na tambaye ta, "Wanne zan ɗauka a ciki?"

Ta ce, "Duka mana. Gaggawa muke."

Ni kuwa da ma ga ni malama, sai na yago takarda na zana jadawali na manna a bayan ƙofar kicin. Da asuba haɗin dabino da zuma kofi guda. Filas cike da kunun aya mai mazarƙwaila ya tafi da shi shago. Da yamma ruwan rake da goron Tula. Rubutun da Iya ke aikowa daga wajen malaminta ma ban bar shi haka ba, zuma nake zuba masa don ya yi daɗin sha. Na ce wa Hamma maganin gajiya ne. Ya karɓa ya yi bismilla ya shanye, ya ce Allah ya yi min albarka.

Wata huɗu muna haka. Mutumina ya fara ramewa, wandunansa suka koma sai da ɗaurin mazagi biyu. Ruwa kuwa ya sha jarka guda bai ƙoshi ba, kuma kafin ya zauna ya miƙe zuwa banɗaki. Ya fara cewa idonsa na yin hazo, sai ya daɗe yana neman kafar allura. Na kira Iya na gaya mata.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Sammun ne ke fita ta fitsari. Ki ƙara hannu."

Na ƙara hannu. Zuma ta tashi daga cokali uku ta koma biyar.

Ana cikin damina, wata ranar Juma'a na je gaishe ta, Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Har yanzu?"

Na sunkuyar da kai.

"To ki ji da kyau. In Sallar Layya ta wuce ba labari, zan gaya wa Bappanki. Ya san shari'a, ya san abin da ake yi. Ba zan zuba ido jikata ta tsufa a ɗakin miji tana budurwa ba."

"Iya, don Allah! Za ki kashe min aure."

"Auren da ya rayu ake kashewa."

Maganar nan ta soke ni. Na fito ina share hawaye da gefen mayafi. Na san Hamma. Ranar da Bappa ya aika masa kira a kan wannan magana, ranar zan karɓi takardata, kuma ba don ya daina sona ba. Ni kuma wallahi ina son mijina. Ina son yadda yake cire min zare a jikin riga in zan fita, ina son yadda yake kira na a waya duk lokacin da aka ji wata ƙara a gari, kafin ma ya san ko taya ce ta fashe. Ban shirya rabuwa da shi ba.

Saura kwana goma Sallah sai ga kiyashi.

Ina wanke banɗaki da safe na gan su, layi guda tun daga tsagar bango har bakin magudana, daidai inda Hamma ke tsugunawa. Na kwara musu ruwa. Washegari suka dawo har da 'yan rakiya. Na zuba kalanzir, na barbaɗa gishiri, a banza. Na ɗauki hoto na tura wa Adda.

"Innalillahi! Saudatu turo su aka yi. Kin taɓa ganin kiyashi ya bar kicin ya tafi banɗaki?"

Kafin la'asar Iya ta aiko da rubutun yayyafawa da wani ƙullin turaren hayaƙi, ta ce in turara kwana uku a jere. Ranar farko na cika kasko da garwashi na juye rabin ƙullin. Hayaƙi ya turnuƙe gidan hayar nan kaf, yara suka fara tari, wani ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. A wancan lokacin hayaƙi ba abin wasa ba ne a Gombe.

Aka buga min ƙofa. Anti Selina ce, maƙwabciyarmu ta ɗakin kusa da rijiya. 'Yar Kaltungo ce, nas a wani asibiti a cikin gari, mijinta Malam Isaiah yana koyarwa a sakandare. Dawowarta daga aiki ke nan, ko farar rigarta ba ta cire ba.

"Amarya, gobara ce ko bandar kifi kika fara?"

Na ce, "Anti, asiri aka yi mana."

"To! Mu gani."

Na kai ta banɗaki na nuna mata da ɗan yatsa daga nesa. Ta tattare riga ta tsuguna, ta daɗe tana kallon su.

"Nan wa ke fitsari?"

Na kawar da kai gefe.

"Maigidan ne ko? Yana yawan shan ruwa?"

"Sosai."

"Yana yawan zagayawa? Ya rame? Yana kukan gajiya, ko ya ce idonsa na hazo?"

Na ja da baya na ce, "Anti, ashe ke ma kina duba?"

Ta yi dariya har da riƙe bango. "Duba? Shekarata goma sha shida a asibiti, 'yar nan. Kiyashi bai san asiri ba, zaƙi ya sani. In suga ya yi yawa a jinin mutum, ta fitsari yake zubowa. Shi suka biyo."

Ta kashe min kaskon da ruwan buta, ta ja ni falo ta zaunar. Sai ta rage murya ta ce, "Sauran lamura fa? Na tsakaninku?"

Ai kamar jira nake. Na fashe da kuka na sake zazzagewa. Mai alkawarin ko da bango, ga ni a kan mutum ta uku.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Share hawayenki ki saurara. Abin nan da ake kira rashin ƙarfi, sau da yawa ba ciwo ne mai zaman kansa ba, ɗan aike ne. Wani ciwon ne a ciki ya turo shi. Lamarin namiji aikin abu uku ne, jini da jijiya da kwanciyar hankali. Sai jijiya ta kai saƙo, jini ya cika wurin, hankali kuma yana kwance. Suga in ya daɗe da yawa yana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi, na wurin kuwa sirara ne, su suke fara nunawa. Hawan jini ma yana yi. Taba tana yi, ƙwayoyin nan da samari ke afawa don su yi aiki suna yi, har wasu magungunan asibiti."

"Ba ya shan komai, Anti."

"Na sani. Amma ba shi ne yake tasha ranar bom ba? Mutum ya kwashi gawa da hannunsa, kina so jikinsa ya manta a wata tara? Tun da aka fara tashin bama-baman nan, maza nawa ke zuwa mana, su yi ta kewaye-kewaye da ciwon kai da ciwon baya, sai likita ya rufe ƙofa sannan su faɗi abin da ya kawo su. Kuma in mutum ya gwada yau ya kasa, gobe da tsoron jiya zai zo. Kin ga abu ya zama biyu."

"To ana warkewa?"

"Da yawa suna samun sauƙi in an kama sugan an bi doka. Ba zan yi miki alkawari ba, ni ba Allah ba ce, kuma ban auna shi ba tukuna. Amma in gaya miki gaskiya, yanzu ba ɗakinku nake ji ba. Idonsa nake ji, da ƙodarsa, da ransa. Me yake ci?"

Na ce, "Abinci dai, irin na kowa."

Tana fita na zari waya. "Hamma, kunun da ke filas ɗin nan kar ka sha, ƙuda ne ya faɗa."

Ya ce, "Ai kuwa na shanye tun azahar. Allah ya sa ƙudan ya yi bismilla."

Na shiga kicin na tsaya gaban jadawalina. Rubutuna ne, mai kyau, har da jan biro a ƙarƙashin zuma. Na yage shi na cusa a murhu. Garin neman gira na kusa rasa ido, idon ma ba nawa ba.

Saura yadda za a auna shi. In na ce mu je asibiti zai tambayi dalili, in na faɗi dalili na tona kaina. Anti Selina ta ce in bar mata. "Maza masu taurin kai ba a kiran su su kaɗai. Gida ake kira gaba ɗaya."

Ranar Asabar, saura kwana biyar Sallah, tun kafin kowa ya karya ta fito da benci tsakar gida, ta ajiye 'yar na'urarta da auduga. Ta bi ɗaki-ɗaki tana buga ƙofa, wai yau kowa sai an auna masa suga, kuma daga kan mijinta za a fara. Malam Isaiah, ƙaton mutum, aka ɗan tsira masa allura a yatsa ya kurma ihu yana kiran sunan mamarsa. Gida ya kaure da dariya. Aka auna ni, biyar da ɗigo biyu. Ina waigawa na hango Hamma yana tura mashin a hankali zai sulale.

Malam Isaiah ya riƙe kan mashin ɗin. "Ina zuwa, tela? Kai da kake wasa da allura kullum? Ni na ba da jinina, kai ma sai ka bayar."

Ya zauna yana murmushin dole, ya miƙa yatsa. Na'urar ta yi ƙara. Anti Selina ta duba, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta sallami sauran, ta ce mu biyu mu same ta a barandarta.

"Malam Bamanga, na mai lafiya kafin ya karya ba ya wuce biyar zuwa shida. Naka goma sha tara. A gidanku akwai mai ciwon suga?"

"Babu. Ban dai taɓa ji ba."

"Mahaifinka yana da rai?"

"Ya rasu. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa har ya ci ƙafar. Aka ce asiri ya taka a gona."

Anti ta gyaɗa kai kawai. "Me kake ci da safe?"

"Da dai shayi ne, sai lemon kwalba in aiki ya yi yawa. Amma wata huɗu ke nan Saudatu na yi min wani haɗi." Ya fara lissafawa da yatsu, bawan Allah, yana ganin yabona yake. Dabino, zuma, mazarƙwaila, madara, ruwan rake. Da yatsun hannu ɗaya suka ƙare ya koma ɗayan.

"Kullum?"

"Sau uku."

"Kana jin daɗinsa?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Gaskiya tayar min da zuciya yake. Amma ina ganin yadda take tashi tun asuba tana jiƙa aya tana tacewa. Ban iya ce mata a'a ba."

Anti Selina ta juyo a hankali ta dube ni. "Malama, wane darasi ma kika ce kina koyarwa?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Ta dai tausaya min ta ce ba haɗina ne ya kawo ciwon ba, da ma yana jikinsa, ni fetur kawai na yi ta zuba wa wuta. Wai tausayi ke nan.

Ta ce masa, "Yau ɗin nan kafin azahar ina jiran ku a asibiti, likita zai gan ka. Ba maganar sai bayan Sallah. Kuma ka sani suga yana taɓa ido, yana taɓa ƙoda, yana taɓa ƙarfin namiji. Duk abin da ka lura da shi a jikinka ka gaya wa likita, ba abin kunya ba ne."

Ita dai ta yi maganarta yadda za ta yi wa kowa. Ni ce na ɓata. Da na dake da shi ke nan, amma Hamma na ɗago kai ya dube ni, sai na kama wasa da bakin zani ina kallon silifas ɗina kamar yau na fara ganin su.

Muka shiga ɗaki ya mayar da ƙofa.

"Ta sani."

"Hamma, ka tsaya in..."

"Su wa da wa?"

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

"Iya."

"Sai wa?"

"Adda Jamilatu. Amma Iya ce ta gaya mata."

"Sai wa?"

"Sai wani zaure na WhatsApp. Amma wallahi ce musu na yi ƙawata ce."

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Tamanin da uku."

Ya runtse ido. "Tun yaushe Iya ta sani?"

"Tun ranar."

"Wace rana?"

"Ranar da ka ce kar in faɗa."

Ya zauna a bakin gado. "Wata huɗu ina zuwa ina durƙusawa a gabanta ina gaishe ta. Tana kallona, ta sani."

Tun da tsiya ta riga ta tsiyaya, na ƙarasa masa sauran, cewa Iya ta yi wa'adi, Sallah na wucewa za ta kai maganar gaban Bappa. Ya miƙa hannu kan durowa ya ɗauko littafin da yake rubuta awo, da biro. Jama'a, ban san lokacin da na zube ƙasa na riƙe ƙafafunsa ba. Na ce ya dake ni, ya zage ni, ya yi wata guda bai yi min magana ba, amma don girman Allah kada ya rubuta. Na ce tsoro ne ya kai ni, ban san inda zan sa kaina ba, kuma ni ko haka za mu zauna har mutuwa na yarda.

Ya daɗe da biron a hannu. Sai ya rufe littafin ya ajiye.

"Babana wata uku yana ɓoye ƙafar nan a cikin riga. Ko mahaifiyarmu bai bari ta gani ba, sai da wari ya tona shi. Ina yaro ina jin haushin wanda ya binne masa asiri a gona. Yau na ji ba kowa." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ban yafe miki ba tukuna, ki sani. Kin yi min rantsuwa kin karya kafin shayina ya huce."

"Na sani, Hamma."

"Ɗauko mayafinki."

"Asibiti?"

"Kagarawal tukuna. Ba zan zauna a kai ƙarata ba. In Bappa zai ji, daga bakina zai ji."

Na hau bayan mashin. A shingen sojoji muka sauka kamar yadda aka saba, ya kashe mashin yana turawa ina bin sa a baya. Nan na ga yadda rigarsa ke lilo a jikinsa, nan na ga ya tsaya sau biyu yana mayar da numfashi a 'yar tafiyar da ba ta kai taku hamsin ba. Wata huɗu ina kallon mutumin nan yana narkewa ina cewa magani ne ke aiki.

A ƙofar gidan Bappa ya kafe mashin. Muna jiyo rediyonsa daga zaure. Hamma ya tsaya, bai saki makullin mashin ba.

"Bappa ya san shari'a, Saudatu. In ya ce ki zauna a gida har a ga abin da hali zai yi, ba ni da bakin musu. Za ki zauna?"

Na ce, "Zan zauna mana, ina ni ina musu da Bappa? Sai dai ya sa a shimfiɗa tabarma biyu."

Ya dube ni, bai yi dariya ba, amma ya zare makullin ya sa a aljihu. Ya tuɓe takalmansa a bakin zaure, ya yi sallama da wata murya da ban taɓa jin ya yi amfani da ita a gidan nan ba.

Aka kashe rediyo. "Wa alaikumus salam. Wa ke nan da sassafe haka?"

"Ni ne, Bappa, Bamanga. Ba ni da lafiya, kuma na zo da magana mai nauyi."

Ya ɗaga labule ya shiga. Ni kuwa ina tsaye a waje, rungume da takalmansa a ƙirji, ban ma san lokacin da na ɗauke su ba.